Ƙotar Bindigar Baba

"Ba haka ba! Da tafin hannu na ce, ba da tsumma ba."

Auta ta yar da tsumman, ta ɗiga man katako a tafinta, ta ci gaba da murza ƙotar bindigar. Tun makon jiya teburin cin abincinsu ya koma na kafinta. Tsofaffin jaridu a shimfiɗe, gutsattsarin samfefa ko'ina, garin katako har cikin gwangwanin sukari.

Baba yana zaune a kujerarsa, hannun damansa ajiye kan cinya kamar na aro. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi hannun ya daina jin magana, amma bakin ya dawo sarai, har da gyara.

"Bi layin itacen. Murza har ki ji tafinki ya ɗau zafi. Mai ba ya shiga katako da sanyin jiki."

"Baba, tafina ya ɗau zafi, bayana ya ɗau zafi, kaina ma ya ɗauka."

"To saura ƙotar."

Abin da ya fi ci mata rai shi ne wahalar nan duk ta banza ce. Ofishin da ke ba da lasisin bindiga ya ƙi sabunta na Baba, tunda likita ya ce hannun ba zai ƙara riƙe ta ba. Yau ne wa'adin miƙa ta yake cika, idan kuma rana ta faɗi tana gidan, magana ta zama ta hukuma. Amma Baba ya kafe. Ya ce bindigar da ta ciyar da gidan nan shekara da shekaru ba za ta fita da dauɗa a jiki ba. Shi ya sa ta kankare tsohon fentin da samfefa har 'yan yatsunta suka yi sulɓi. Ta ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle kan wuraren da katakon ya lotsa, ta danna dutsen guga don su taso, ta ƙone a wuyan hannu. Sannan aka shiga shafa mai, kaɗan-kaɗan, a bari ya kwana, a sake. Duk wannan kafin ta tafi kantin maganin da take aiki, ko bayan ta dawo a gajiye.

Wayarta ta yi ƙara. Yayanta ne, wanda yake zaune a wani gari mai nisa. Ta maƙale wayar tsakanin kunne da kafaɗa.

"Ke ma kin cika biye masa," in ji shi. "Ki sami fenti mai sheƙi ki fesa mata, a wuce wurin."

"Yaya, ka zo ka fesa."

"Ni ai shawara nake ba ki."

"Shawara kam ba mu rasa ta ba a gidan nan. Hannu muka rasa."

Sai da maganar ta fita ta ji nauyinta. Ta saci kallon Baba. Ya juya fuskarsa wajen taga kamar bai ji ba. Ta kashe wayar, ta ƙara wa murzar ƙarfi.

Can Baba ya ce, "Wannan shafin sai ya kwana kafin ya bushe."

"Babu kwana, Baba. Yau ne."

Bai yi musu ba, abin da ya ba ta mamaki. Ya nuna mata yadda za ta mayar da ƙotar jikin ƙarfen, ya sa ta kwance dogon sukurun ta sake ɗaurawa saboda wai ya karkace. Da ta gama ta ɗaga bindigar a gabansa. Katakon ya yi ja mai duhu, zanen itacen ya fito kamar igiyar ruwa. Ita kanta ba ta san haka yake ba. Tun tasowarta baƙi ta san shi.

Baba ya daɗe yana kallo. "Tafi da ita," ya ce.

Ta naɗe ta cikin tsohon zanen gado, ta tare tasi. Direban ya yi ta shinshina iska yana leƙenta ta madubi.

"Baiwar Allah, wannan warin fa? Kada ki ɓata mini kujera."

"Mai ne."

"Man me?"

"Malam, kalli hanya."

A ofishin ta tarar da layi har bakin ƙofa, fanka ɗaya tana juyi a kasalance. Mai kantin ya kira ta, ta ce tana hanya. Ya sake kira, ta ƙi ɗagawa. Sai wajen tsakar rana ta isa gaban teburin karɓa. Jami'in da ke wurin ya warware zanen, ya duba lambar da ke jikin ƙarfen, ya rubuta, sannan ya cafki ƙotar da hannu guda zai jefa bindigar kan tarin wasu da ke jibge a lungu.

"Kai! A hankali! Man bai bushe ba!"

Duk layin ya juyo. Jami'in ya saki ƙotar, ya kalli tafinsa da ya yi danƙo, ya kalle ta.

"Mai kika shafa mata? Yau?"

"Tun makon jiya ake shafawa."

"Ikon Allah. Kin san inda za ta? Yanka ta za a yi. Ƙarfen a narke, katakon a ƙone."

Ta sani mana. Ita ce ma ta yi ta faɗa wa Baba haka har bakinta ya gaji. Amma da ta dubi lungun nan, ta ga bindigogi sun hau kan juna cikin ƙura, ga bokitin shara a gefe, sai ranta ya ɓaci. Ba tausayi ba ne, haushi ne tsagwaronsa. Bayanta bai yi ciwo don a jefa aikinta kusa da bokiti ba.

"Ranka ya daɗe, akwai lamba a jikin katakon?"

"Babu. Lamba a ƙarfe take."

"To doka ƙarfe take nema ke nan."

Ya goge hannunsa da takarda, takardar ta manne masa. "Katako ai katako ne. Amma nan ba shagon gyara ba ne, kin ga mutane suna jira."

"Sukudireba kawai nake so."

"Na yi miki kama da mai sayar da sukudireba?"

Daga baya wani ya ce a sallame ta mana, suna da abin yi. Wata mata ta ja dogon tsaki. Sai wani dattijo mai kayan makanikai ya laluba aljihunsa ya miƙo doguwar sukudireba.

"Ungo, 'yata. Yi sauri kafin su cinye ki."

Sukurun da Baba ya sa ta ɗaure tamau ya ƙi motsi. Ta danne bindigar da gwiwar hannu, ta cije leɓe, gumi yana shiga mata ido, waya tana ruri a jaka. Jami'in ya gaji da kallo ya riƙe mata bakin ƙarfen, yana faɗin shi tun da ya fara aiki bai taɓa ganin irin wannan ba. Da sukurun ya saki, ta zare ƙotar, ta mayar wa dattijon kayansa da godiya, ta naɗe ƙotar cikin zanen, ta fito rungume da ita. Farar rigar aikinta ta yi taswirar mai tun daga ƙirji har ciki.

Ta iske Baba inda ta bar shi. Bai taɓa shayinsa ba, bai kunna rediyo ba. Bai ma ɗago kai ba da ta shigo.

"An karɓa?"

"An karɓi ƙarfen."

Ta warware zanen ta ɗora masa ƙotar a cinya. Hannun hagunsa ya tashi a hankali ya sauka a kanta, ya tsaya nan. Auta ta shiga tattara jaridun kan tebur don ta ba shi wuri.

"Kawo ta wajen haske," ya ce.

Ta kai ta bakin taga. Ya ƙanƙance ido.

"Wannan sawun yatsun waye?"

"Na jami'in ne."

"Wannan fa?"

"Nawa ne. Ko na makanike. Baba, rabin garin ya taɓa ta."

"Ga zaren zane duk ya manne. An lalata shafin nan." Ya girgiza kai. "Sai an bi ta da samfefa mai laushi an sake. Kuma man da ya rage ba zai isa ba."

Auta ta buɗe baki. Tana da maganar mai kanti, da ta rigarta, da ta cewa ƙota babu bindiga ba ta da wani amfani a duniya. Sai ta lura ya gyara zama, ya miƙe bayansa, har ya jawo kofin shayin da ya huce yana kurɓa.

Ta mayar da jaridun kan tebur, ta shiga ɗaki ta sauya riga. A bakin ƙofa ta tsaya tana neman makulli cikin jaka.

"Ƙaramar kwalba ko babba?"

"Babba," in ji Baba. "Kuma kada ki bari su ba ki mai kauri."