Injin Man Gyaɗar Kawu Dalhatu

Labbo ɗan Bilbis ne, yana aji uku a jami'a a Gusau. Cikin darussan zangon nan babu wanda ya shiga ransa kamar na kimanta hannun jari, wato yadda ake duba ribar kamfani da abin da ake sa ran zai samu gaba, sannan a yanke farashin da ya dace. Da malaminsu ya ce kowa ya gwada a kan wata sana'a ta gida, Labbo bai yi dogon tunani ba. Ƙanen mahaifiyarsa, Kawu Dalhatu, yana da injin matsar man gyaɗa a Bungudu.

Kawun ya tarbe shi da fara'a, ya zagaya da shi, yana ba shi labarin irin cinikin da suke yi da 'yan kasuwar da ke rububin man. Ranar injin a kashe yake, ya ce ɗan gyara ake yi. Labbo ya ɗauki maganar yadda aka ba shi, ya gina lissafinsa a kai. Malam ya yaba aikin a gaban aji. Da Kawu ya ji, sai ya nemi kwafi, wai ya ajiye don alfahari.

Da hutu ya zo, Labbo ya tarar mutanen Bilbis suna yi masa wata irin gaisuwa ta girmamawa. Maƙwabciyarsu Inna Suwaiba ce ta warware masa. Ta ce Dalhatu ya zo yana neman masu zuba jari, yana nuna takardar Labbo, yana cewa ɗansu na jami'a ya auna ya tabbatar. Ita har tumakinta ta sayar ta shiga.

Washegari ya nufi Bungudu. Ƙofar a garƙame take, maƙwabta suka ce injin ya mutu tun daminar bara. A kasuwar Gusau ya samu kawun, ya tambaye shi dalilin yaudarar mutane da takardarsa.

"Ni na rubuta ko kai?" in ji Kawu Dalhatu. "Sunanka ne a kai, Labbo. In ka tona, kanka ka tona."

Labbo ya tsaya yana kallon mutumin da ya fara kai shi makaranta a kan keke.

Duk da haka ya koma Bilbis, ya bi gida-gida yana faɗin gaskiya. Wasu suka fasa shiga, waɗanda suka riga suka ba da nasu suka kai ƙara wurin hakimi. Inna Suwaiba ba ta zage shi ba, amma ta daina amsa gaisuwarsa. Mahaifiyarsa kuwa, ko sunan ƙanen nata aka ambata, sai ta tashi ta shige ɗaki.