Shafin da Aka Toshe wa Baki

Asibitin yara ya dakatar da mai karɓar baƙi daga aiki. Iyaye suna zuwa da 'ya'yansu, suna rantsuwa sun yi rajistar ganin likita ta shafin intanet, ita kuwa ba ta ga sunan kowa a kwamfutarta ba. Aka ce ita ke gogewa.

Kamfanin da ya gina shafin ya ba Dogo aikin dubawa, don Gwani, wanda ya rubuta shi, ya samu ƙarin girma.

Dogo ya cike sunan gwaji ya danna maɓalli. Koren rubutu ya fito: "An karɓa." Ya buɗe tagar da burauza, manhajar buɗe shafuka, ke jera kurakurai. Fes, ko ɗigon ja babu. Bai taɓa ganin shafi mai lafiya haka ba. Sai ya zare wayar intanet ya sake dannawa.

"An karɓa," in ji shafin.

Dogo ya ture shayinsa gefe. Ya shiga rubutun umarnin da aka gina shafin da shi, a can ƙasa ya tarar da layin da ke haɗiye kowane kuskure. Da ya goge shi, jan rubutu ya yi ambaliya kamar an ɗaga murfin kwata. An loda laburare ɗaya, wato kunshin umarnin da shafin ke aiki da shi, sau uku, tsoho a kan sabo, suna ta shaƙe juna. Koren saƙon kuwa ba ya jiran amsar sabar, kwamfutar da ke ajiye sunayen. Agogo kawai aka ɗaura masa.

Gwani na teburinsa yana cin biskit, garin na zuba tsakanin maɓallai.

"Yaya Gwani, wa ya toshe wa shafin nan baki?"

"Ni mana. Ja na tsorata kwastoma." Ya lashe yatsa. "Kai da tsawon nan naka, me ya kai ka leƙen ƙasa?"

"An raba mace da aikinta a kan wannan."

"Dakatarwa ce, ƙane, ba kora ba."

Manaja ya ji su daga ƙofa. "Dogo, gyara shi shiru. In sun tambaya, ka ce mun sabunta."

Gyaran bai da wuya. Ya bar laburare ɗaya, ya sa saƙon ya jira amsa, ya gwada, sunan ya isa. Saura ya ɗora shi a kan shafin asibitin.

Nan hannunsa ya tsaya. In ya ɗora yanzu, sunaye za su fara shigowa a makon da matar ba ta nan. Kowa zai ce dama ita ke gogewa, ba wanda zai ƙara neman wata hujja a kanta.

"Ka ɗora?" in ji Manaja.

"Tukuna, ranka ya daɗe."

Ya jawo wayar ofis ya buga wa shugaban asibitin. Gwani ya daina tauna.

"Likita, daga kamfanin shafinku ne. Kafin in gyara, akwai abin da nake so ka gani da idonka. Mai karɓar baƙin da kuka dakatar, ita ma a kira ta."