Rabin Saiwar Rumman

"Ajiye shebur ɗin nan, Likitar Ganye, kafin ki kashe min ita."

Ta ɗago tana share gumi. Baba mai lambu, maƙwabcinsu, yana kan kujerar roba a ƙofar ɗakinsa, ƙafafunsa cikin bargo duk da ranar da ake ƙwallawa. Shekara biyar ta yi tana karatun aikin gona, biyu kuma tana yawon ofisoshi da takardunta ba a ɗauke ta ba, kuma ba ta taɓa sunkuyar wa kowa da kai ba. Ba a kan bishiyar rumman za ta fara ba.

Marigayiya matar Baba ce ta dasa bishiyar. Yanzu babban ɗansa zai gina ɗaki a wurin, shi ya sa tsohon ya roƙi Likitar Ganye ta mayar da ita tsakar gidan iyayenta, bayan katanga. Ta ce masa ta san aikinta: a tono, a kai, a ba ta ruwa, magana ta ƙare.

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce tsohuwar bishiya ba a tumɓuke ta rana ɗaya. A datse saiwar gefe guda, a mayar da ƙasa, a bar ta kwana talatin ta fitar da ƙananan saiwoyi a wurin yankan. Sannan a koma ɗaya gefen.

"Tana cin abinci da rabi, tana jinyar rabi," ya ce. "Ba a koya muku wannan ba?"

"An koya mana, Baba. Mantawa na yi."

"To, mantuwar nan digiri gare ta."

Ta haƙa rabin da'ira tana cika tana batsewa. Daga ranar kullum da safe sai ta shigo da bokitin ruwa. Yana nuna mata tsirrai da sandarsa: wannan sai ta gama fure ake rage mata rassa, waccan ciyawa ce mai kama da na'ana'a, ta murza ganyen ta shinshina. Ta riƙa musu, ya riƙa tsokana. A mako na biyu sandar ta gagare shi ɗagawa, sai ya koma nuni da haɓa.

Ranar kwana na goma sha takwas ya rasu, da hantsi.

Da masu gaisuwa suka ragu, ɗan ya kawo magini da igiyar awo. Ta tsaya tsakaninsu da bishiyar.

"Yaya, saura kwana biyar."

Ya ce ƙanwata, itace ne fa, kuma magini yana da wani aikin. Ta ce ta sani. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma matsa ba. Maginin ya dubi rabin da'irar da ta haƙa, ya dube ta, ya naɗe igiyarsa ya ce zai fara da bangon baya.

Ranar da kwanakin suka cika ta datse ɗaya gefen da shebur ɗin Baba. Da ta kishingiɗar da bishiyar kan buhu, sai ta ga inda ta yanka da farko ya cika da ƙananan saiwoyi, farare, sirara kamar furfura. Ta juya don ta nuna masa. Kujerar robar tana nan a ƙofar ɗaki, an ninke bargon an ɗora a kai.

Ta yayyafa wa saiwoyin ruwa, ta rufe su da buhun don kada rana ta taɓa su.