Makuba a Bangon Meri

"Ka shafa wa bangon nan siminti, ka kashe shi," in ji Baba Saleh.

"Baba, umarni ne daga Garwa. A gyara meri kafin damina." Aristide, injiniyan da aka turo, ya ɗaga takarda. Hausarsa ta kasuwa ce, amma tana kai saƙo.

"Ita takardar ta taɓa kwana a ɗakin ƙasa?"

Saleh magini ne, ɗan magini. Meri ɗin nan, ofishin magajin garinsu da ke hanyar Mayo-Oulo, da idonsa ya ga tashinsa. Da can rumfar awon auduga ce. Da aka ba garin magaji, ba wanda ya jira gwamnati. Kowace unguwa ta ɗauki bango guda: mahauta gabas, dillalan shanu yamma, sauran biyun aka bar wa manoma. Mata suka jiƙa ɓawon ɗorawa, aka kwaɓa makuba, aka shafe ginin har yana sheƙi. Magadan gari bakwai sun zauna a ciki. Haihuwa, aure, rigimar gona, duk a nan aka rubuta. Bango bai taɓa tsagewa ba.

"Zo, ɗana."

Ya ja shi baya, wurin ɗakin ajiya da aka yi wa siminti shekara biyar da suka wuce. Ya ƙwanƙwasa. Ƙarar kamar ta tulu ba ruwa. Ya sa yatsa ya ɓamɓaro falle guda: ƙasar ciki a jiƙe, gara na ta kai da kawo.

"Siminti rufe wa ƙasa numfashi yake yi."

Suka dawo bangon gabas. Saleh ya ɗauki butar alwala ya sheƙa masa ruwa. Ruwan ya gangaro, bai tsaya ba. Aristide ya shafa wurin, ya dubi tafinsa, ya sake shafawa.

"Kai, Baba! Wannan ba a koya mana a makarantar lekol ba." Ya ninke takardar ya sa aljihu. "Zan rubuta musu. Sau nawa ake sabunta shafen?"

"Duk shekara biyu."

"Su wa suka iya haɗin?"

"Ni da Mahamman." Saleh ya ajiye butar. "Mahamman mun binne shi bara."

Aristide ya dubi hannuwan tsohon.

"To, bana kai ne, Baba. Shekara biyu masu zuwa fa, wa zai kwaɓa?"