Kunun Jan Wake a Ƙofar Minnatullah

Matar ƙanena Sada 'yar Koriya ce. Can suka haɗu da ya je koyon aiki, ta musulunta, ya kawo mana ita unguwar Hindawiyya a Makka da suna Minnatullah. Gida ɗaya muke haya, ni a sama su a ƙasa. Ban ƙi ta ba, abincinta ne dai ya fi ƙarfina. A bar kabeji ya yi tsami a ce mahaɗin shinkafa ne, ni Batulu ban da wannan juriyar.

Bana uwarta ta rasu, ga 'yarta Shifa kwance da zazzaɓi. Ana cikin haka, wata safiya ta sanyi, maƙwabciyarmu Balarabiya, Ghada, ta ja ni zuwa ƙofarsu. An yayyafa wani abu ja-ja a dokin ƙofa da bango, har ya fara bushewa.

"Esh hada, mene ne wannan, ya Batulu? Wannan sihiri ne. Wallahi sai na gaya wa mai gidan hayar nan."

A garin nan kalmar sihiri ba ta tsayawa kan korar haya, tana iya raba Minnatullah da ƙasar, da 'yarta ma.

Na shiga na same ta gaban tukunyar kunun jan wake, da ƙananan curin garin shinkafa a ciki. Ta ce yau ce Donji, ranar da dare ya fi tsawo a shekara. A garinsu ana dama wannan kunu a sha, a yayyafa a ƙofa, wai akwai wani aljanin cuta da ke tsoron jan wake.

"Kin yarda da wannan, kina Makka?"

"Na san ba ya kare komai, Yaya," ta ce da Hausarta mai tangarɗa. "Umma ce ke yi min duk shekara, ko ba na nan. Bana babu mai yi. Na dubi Shifa, sai kawai na ga hannuna ya yi."

Haushi da tausayi suka haɗe mini. Na fita na ce wa Ghada faten wake ne ya kuɓuce mini a matakala. Ta dubi bangon, ta dube ni. Ba ta yarda ba, amma ta ce khalas, wato shi ke nan.

Sada ne bai ce khalas ba. Da ya dawo bayan La'asar ya ji, bai ɗaga murya ba, wanda ya fi faɗa muni. Ya ce ta zaɓa, ko kayan garinsu su bar gidan, ko ita. Na ce masa yayyafin ne laifi, ta kuma bari, kunu me ya yi? Ya ce in ba tukunyar, ba yayyafi.

Ita da kanta ta goge ƙofar. Ta juye kunun a kwata, ta tattara barkonon garinsu da tulun kabejin nan da nake yi wa tsiya, ta kai shara.

Shifa ta warware da maganin asibiti. Yanzu tuwo da miyar kuka ake ci a ƙasa, ni na koya mata, kuma ta iya. Jiya yarinyar ta ƙi ci, ta ce abincin Kaka take so.

"Na manta yadda ake yi," in ji Minnatullah, ta tura mata tuwon.