Ɗigon da Ya Ƙi Motsi

A layinmu na masu gyaran waya Likita ake ce min, kuma ni na raɗa wa kaina sunan. Shagona taku uku ne a tsaye, biyu a kwance, amma in ka ji ina cika baki sai ka rantse kamfani gare ni.

Ranar Talata mijin Yayata ya shigo da kwamfutarsa ta hannu, wadda muke cewa tab. Matuƙin ƙaramin jirgi ne mai kujera huɗu, yana kai magani wani asibiti a bayan duwatsu. Da can jakar taswirorin takarda yake ɗauka, ya shimfiɗa a cinya yana jan layi da fensir. Shekara uku ke nan da ya koma tab. Ɗaure ta yake a cinya, taswira na ciki, ga wani shuɗin ɗigo da ke tafiya a kanta yana nuna masa inda jirgin yake. Jirgin kuwa tsoho ne, ba komai a gabansa sai agoguna da kamfas.

"Likita, ba ta caji sai na karkata wayar cajin. Jibi da safe zan tashi."

"Kyaftin, mutum yana yawo a sama amma wayar aljihunsa mai madannai ce irin ta kakanni? Kawo nan, kafin ka sha ruwa na gama."

"Ban ce ka yi sauri ba. Na ce ka gyara."

"In na gyara ka ɗaga ni sama sau ɗaya, in ga rufin gidan budurwata."

"Wacce? Ta wancan watan ko ta wannan?"

Ya bar min lambar buɗewa ya tafi. Na kwance ta, na ɗauko ƙarfen dalma, ina aiki ina musun ƙwallo da wani da ya zo karɓar wayarsa. Ban san lokacin da hannuna ya goce ba. Wani ɗan hayaƙi ya tashi, siriri kamar na turare, shi ke nan. Injin ya ƙone.

Na zauna ina kallonta. In faɗa masa? Ni da na ce kafin ya sha ruwa? Sai na tuna akwai wata a durowa, kamfani ɗaya, girma ɗaya, launi ɗaya. Na ɗauko, na shiga da adireshinsa na imel da lambar sirrin da ya bar min, komai nasa ya sauko, har hoton Yaya da ke kan fuskar tab ɗin. Na sauke taswirorin duka. Na buɗe, sai ga shuɗin ɗigo zaune daram a kan shagona. Na sa ta cikin rigar tsohuwar, mai maɗaurin cinya. Da ya zo karɓa ya jona caji, ta kama, ya ce, "Ashe kana da rana." Na ce, "Rana ɗaya? Ni shekara gare ni."

Ranar Alhamis, wajen ƙarfe sha ɗaya, Mai Tabarau na shagon kusa ya leƙo aron sukudireba. Shi ya koya min aiki, har yau kallon ɗan koyo yake min. Ya ga gawar tab ɗin a kan tebur, ya juya ta.

"Wannan mai sim ce. Ta waye?"

Na ba shi labari ina dariya, har da yadda na yi wa Kyaftin wayo. Bai yi dariya ba. Ya cire tabarau.

"Wadda ka ba shi tana da wurin sim?"

"Ba ta da shi. Oga, a sama wa zai kira? Tsuntsaye?"

"Kai dai bakinka ya fi kanka sauri. A irin wannan, abin da ke kama tauraron ɗan'adam tare yake da wurin sim. Shi ne ji-fi-es, maras sim kuwa ba ta da shi."

"Ai na gwada. Ɗigon ya nuna shagona."

"Wayifai na layin nan ya gaya mata. A sama wayifan wa za ta kama?"

Ban rufe shago ba. Ban ma san da takalmin wa na fita ba. Na tare mai babur na ce filin jirgi, ya ce babba ko ƙarami, na ce ƙarami, ka tashi sama in za ka iya.

Filin nasu ba wani abu ba ne: rumfar kwano, jirage biyu a ciki, sai ɗaki ɗaya mai fanka da agogon bango. A nan Baba mai rediyo yake zama da oba-oba a gabansa. Ya san ni, don na taɓa gyara masa waya kyauta ina neman a bar ni in taɓa sitiyarin jirgi.

"Baba, Kyaftin fa?"

"Ya sauka asibiti lafiya tun takwas da rabi. Ya taso sha ɗaya, sha biyu da rabi yana nan. Lafiya kake haki?"

Sai na ji sanyi. Ya je lafiya, to dawowa ai hanyar ce dai. Har na buɗe baki zan ce gaisuwa na zo, sai na ga inda Baba yake kallo ta taga. Can wajen duwatsu hadari ya haɗu baƙi ƙirin, tun daga wannan gefe har wancan.

Na faɗa masa komai. Karo na farko a rayuwata da na ba da labari ban ƙara gishiri ba.

Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya ja oba-oba ya kira lambar jirgin sau uku. Ba komai sai shuuu.

"Muryarmu ba ta tsallake duwatsu," ya ce. "Sai ya ƙetaro."

"Amma taswirar tana ciki, Baba. Na sauke duka, wallahi."

"Taswira tana ciki. Shi yana ina a kanta? In sama garau ce zai bi hanya da ido, ya san ta. In ya kauce wa hadari, ya zagaya nan ya zagaya can, dole ya riƙa lissafi da agogo da kamfas tun daga farko. Wanda ya yi shekara uku ɗigo na yi masa lissafi, ka ce ya fara yau, cikin wannan?"

"To a kira wayarsa."

"Kira."

Na kira. Ba ta shiga. Na sake, na sake, har matar nan mai cewa ba a samun lambar ta fara ba ni haushi kamar ita ta ƙona injin.

"Mansa zai kai ƙarfe nawa?"

"Biyu da rabi. In ya lallaɓa."

Sha biyu da rabi ta yi, ta wuce. Na ce ko in hau babur in nufi duwatsu. Baba ya ce in je in yi me, in ɗaga masa hannu? Na ce wancan jirgin na rumfa fa? Ya ce an sauke injinsa tun makon jiya, ɗayan kuma matuƙinsa ba zai shiga wannan hadarin ba, kuma ba wanda zai sa shi. Na ce a tura masa saƙo. Ya ce in zauna, ina tare masa iskar fanka.

Ƙarfe ɗaya manajan kamfanin jirgin ya kira Yaya. Malamar makaranta ce, ta zo da alli a hannunta, ba ta ma kakkaɓe ba. Ta ganni ta yi ajiyar zuciya.

"Auta, har ka riga ni? Allah ya yi maka albarka." Ta zauna kusa da ni ta kama hannuna. "Ai ka gyara masa tab ɗin, ko? Ya ce min ta koma kamar sabuwa. To ba zai ɓata ba. Kullum cewa yake in dai tana cinyarsa, ko ido rufe zai dawo gida."

Baba ya dube ni. Na dubi ƙasa. Sai a lokacin na ga takalmin Mai Tabarau ne a ƙafata.

Ɗaya da minti ashirin oba-oba ta yi ƙara. Duk muka miƙe. Ba shi ba ne, wani matuƙin babban jirgi ne da ke wucewa can sama. Ya ce ya ji ƙaramin jirgi yana kira, mai kiran ya ce ya zagaye hadari ta kudu, yana ganin wani kogi amma bai san wanne ba ne, na'urarsa ba ta nuna inda yake. Baba ya ce a gaya masa ya bi kogin ya gangara. Mutumin ya ce ya gwada, muryar ta ɓace.

"Wace na'ura?" Yaya ta tambaya. "Baba, wace na'ura ce ba ta nunawa?"

"Jirgi na'urori gare shi da yawa, 'yata," in ji Baba, bai kalle ta ba.

Yaya tana ta addu'a a hankali. Ni agogo nake kallo. Ban taɓa sanin dogon hannun agogo yana tsalle ba sai ranar, ashe ba tafiya yake ba, tsalle yake, ɗaya bayan ɗaya. Biyu. Biyu da kwata. Ruwa ya sauko a kan kwanon ɗakin har ba ma jin juna. Biyu da rabi ta yi, Baba ya ajiye abin magana a kan tebur, ya haɗa hannuwansa. Manaja ya fita waje yana waya cikin ruwa.

Uku da minti goma wayar Yaya ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Ni na danna mata, ta kara a kunne.

"Kai ne? Kai ne? Kana ina?" Ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa. "Alhamdulillahi. Ƙafar me? Taka ko ta jirgin?"

Duka biyun ne. Kyaftin ya sauka a wata gona da sauran mai kaɗan, tayar gaba ta karye, shi ma ƙafarsa ta hagu. Manoma suka ciro shi, da wayar ɗayansu yake magana. Yaya tana kuka tana dariya, sai ta miƙo min.

"Ya ce a ba shi kai."

Na kara a kunne. "Kyaftin."

"Likita." Muryarsa a shaƙe. "Tun da na tashi da safe ɗigon yana kan filin jirgi, ya ƙi motsi. Na ce hanya ce da na sani, na wuce. Wannan laifina ne, ni zan amsa shi gaban kamfani. Amma da na ɓata na zare ta daga riga in kashe in kunna. Tawa tana da tsaga a kusurwa, inda ta taɓa faɗuwa. Wannan ba ta da shi."

Na ce, "Kyaftin, wallahi..."

"Ban gaya mata ba. Ba kuma zan gaya mata ba. Kai za ka faɗa, kafin a kawo ni."

Ya kashe.

Yaya tana goge ido da bakin mayafi, alli ya ɓata mata kunci. "Me ya ce? Godiya yake maka, ko?"

"Yaya, tab ɗin da ke cinyarsa ba tasa ba ce. Na ƙona tasa, na musanya masa da wadda ba ta aiki a sama. Ban gaya masa ba."

Ta daɗe tana kallona. Na jira mari, na ma matso da fuskata. Sai ta zare wayarta daga hannuna, ta miƙe, ta juya wajen Baba.

"Baba, wace mota ce za ta je ɗauko shi? Ina so in bi."

"Ta manaja. Akwai wurin mutum biyu a baya."

"Mutum ɗaya ne," ta ce, ta fita cikin ruwan.