Sunan Inna a Kan Ƙashi

Auta ta yanka filastar da ta lulluɓe ƙunshin da mahaifinta ya hana a taɓa.

A ɗakin ƙasa na gidan tarihi ta yi aikin, ɗakin da ba taga, sai fanka mai ƙugi. Tun tana firamare ƙunshin nan yake ajiye a kan kantar ɗakin. A cikinsa akwai ƙafar dabbar da Farfesa, mahaifin nata, ya haƙo yana saurayi: dainoso mai dogon wuya, baki ba haƙori, kamar jimina amma da hannaye da wutsiya. Da ƙashin hannun dabbar kaɗai ya kafa hujjar cewa sabon jinsi ce. Daga baya ya raɗa mata sunan matarsa, wadda ta rasu wajen haihuwar Auta. Ƙafar kuwa ya ce a bar ta sai ya samu lokaci.

Ta share ƙasa da burushi. Dogayen ƙasusuwa uku suka bayyana. Na tsakiyan ya tsuke daga sama har ya ɓuya tsakanin 'yan'uwansa. Ta duba gaɓa, ta duba farce. Ta san ƙafar nan. Ta wata dabba ce da aka sa wa suna tun ba a haifi Farfesa ba. A sana'arsu kuwa sunan da ya riga shi ke zama, na baya a goge shi.

Digirinta kacokan a kan dabbar nan yake. In ta rubuta gaskiya, da hannunta ta goge sunan Inna. In ta yi shiru, masu jarrabawa ba za su yi shiru ba.

Ta ji ƙwanƙwasar sandar Farfesa a kan matakala. Ƙofa ɗaya ce da ɗakin.

"Wa ya aike ki?" in ji Farfesa.

"Masu jarrabawa, Baba. Sun ce ba ƙafa, ba digiri."

"Su je su haƙo tasu."

Ya sunkuya da ƙyar, ya bi ƙashin tsakiyan da babban yatsa. Bai yi mamaki ba. Wannan ya fi komai tsorata ta.

"Hannun daban ne," ya ce.

"Hannun ƙaramar dabba ne, Baba. Ba ta gama girma ba ta mutu."

"Iye! Jiya-jiya nake share miki majina, yau ke ce mai koya mini ƙashi?"

"Kai ka koya mini. Kai ka ce ƙashi ba ya ƙarya."

Ya miƙe yana haki. "Uwarki ko hoto ba ta bari ba. Kabarinta ruwa ya shafe. Allon da ke sama gaban ƙasusuwan nan, nan ne kaɗai sunanta yake a rubuce a duniya. 'Yan makaranta na zuwa suna karanta shi da ƙarfi."

Auta ma a jikin allon nan ta koyi haɗa baƙi.

Ya tattara ƙunshin da kansa, ya tura cikin kabad, ya murɗa makulli, ya jefa shi aljihu.

"Baba, shekaruna sun tafi a ɗakin nan. In ba ka yarda ba, ba ni da wani wurin zuwa. Ko hoto ɗaya ka bar ni in ɗauka."

Ya dube ta.

"A'a," ya ce. "Muddin ina numfashi, ba zan buɗe ba."